Kibiyar da ta Tsaya a Idon Abdullatif

Rungume da kwamfuta Zuliha ta shigo shagon Bubayero a Kankia, an naɗe ta cikin zane kamar jinjira. Ta yayanta ce, marigayi Abdullatif. Da ita take buga wa mutanen Kusada takardu tun da ya rasu.

"Zafi take yi," ta ce, kanta a ƙasa.

Bubayero ya kalle ta, ya manta da abin da ke hannunsa. Ƙura ce kawai, ya share, amma ya karɓi lambarta da sunan aiki. Aiki ya zama hira. Kafin wata uku sunanta a bakinsa ya koma Zulina.

Satin da ya tura magabatansa, sai ya yi mata kyauta, ya sabunta mata manhajar kwamfutar. Nan ya jawo wa kansa. Tana komawa gida ta kunna, maus, abin da ake juya kibiyar allo da shi, ya ƙi aiki. Kibiyar ta tsaya cak a kan hoton Abdullatif da ke fuskar allon, cikin idonsa na hagu.

Ɗanmaliki, wanda ya daɗe yana son ta tana ƙin sa, shi ya jawo mahaifinta, Malam Sada, ya nuna masa. Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Ɗana bai yarda da wanga yaro ba," ya ce. "A dakata."

Zuliha ta tura wa Bubayero saƙo: "Nawa, kwana uku ke nan tana cikin idon Yaya. In na kashe na kunna, nan take komawa. Baba ya ce muddin tana nan babu aure. Ni kaina tsoro nake ji."

Ya amsa: "Zulina, kar ki cire hoton. Gobe da hantsi ina Kusada. Ki ce Baba ya zo."

Bubayero ya zo, ya tarar da Malam Sada da Ɗanmaliki suna jira. Ya sauya ramin da ake jona maus, shiru. Ya jona nasa sabo, shiru. Idon marigayin na kallonsa, zufa ta jiƙa masa riga.

"Malam mai gyara, ko a kawo maka hayaƙin korar aljanu?" in ji Ɗanmaliki.

Bubayero ya ture maus gefe, ya bi da madannan rubutu kawai, har ya gano cewa sabuwar manhajar ce ba ta jitu da tsohon fayil ɗin da ke tuƙa maus ba. Ya goge shi, ya sa wani, ya kashe, ya kunna.

Hoton ya dawo. Kibiya na cikin ido.

Babu wanda ya taɓa komai. A hankali ta gangaro, ta bi kuncin Abdullatif, ta tsaya a haɓarsa. Bubayero ya dubi hannayensa, duka biyun suna kan gwiwa. Ɗanmaliki ya fice ko sallama babu.

Malam Sada ya ɗora tafinsa kan maus. Kibiyar ta bi shi. Ya yi ta shafa goshin ɗansa da ita, sama, ƙasa.

"Kai ka motsa ta da farko?"

"A'a, Baba."

"To. Ka ce wa iyayenka su dawo."

Bayan girbin wake aka ɗaura aure. Da za a kai ta Kankia, tsohon ya riƙe hannun ɗiyarsa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raba ku da tsoro. Ku tafi, mun yarda. Mu duka."