Na'urar Ƙarshen Layi

Ranar da ya fara ganinta, rawar sanyi take yi.

A can ƙasan ginin kamfanin akwai wani ɗaki marar taga, cike da manyan kwamfutoci jere cikin dogayen akwatunan ƙarfe, suna ta gurnani ba hutu. Zafi ne babban abokin gabarsu, shi kuma aikinsa kula da na'urorin sanyaya ɗakin da share ƙurar fankoki. Shi ya sa kowa ke ce masa Mai Sanyi, har sunansa na yanka ya nemi ɓacewa.

Ita sabuwar injiniya ce daga bene na sama. Ta turo ɗan teburi mai taya ɗauke da allon kwamfuta, tana jona shi a jikin na'urorin ɗaya bayan ɗaya, haƙoranta na karo da juna.

"Sannu da aiki, Injiniya. Ba a gaya miki da rigar sanyi ake shigowa nan ba?"

"An gaya mini. Na ɗauka zolaya ce."

Ya cire tasa ya rataya a gefen teburin, ya koma kan tsaninsa kamar bai yi komai ba. Da ya saci kallo, sai ya ga ta saka, hannuwan rigar sun haɗiye yatsunta.

Tun daga ranar aiki ya riƙa sauko da ita, hira kuma ta riƙa tsawo. Wata rana ya tambaye ta abin da take yi wa na'urorin.

"Ka ɗauki kowace na'ura a matsayin gidan haya," ta ce. "A cikinta akwai ƙananan sabobi da yawa, ba su da jiki, ba ka iya taɓa su. Wannan na biyan ma'aikata, wancan na saƙonni, wancan na rassa. Su ne 'yan hayar. Ni kuma nake bin gida-gida ina duba lafiyarsu."

"To ni mene ne a unguwar?"

"Kai ne mai fifita."

Ya yi dariya har sukundireba ta faɗi daga hannunsa. Ranar ce suka karɓi lambar juna.

Ana nan sai kamfani ya sayo sabuwar manhaja, wadda ke tattara duk gidajen da 'yan hayarsu a kan allo guda. Daga kujerarta a sama Injiniya na iya kunna saba, ta kashe, ta ɗauke ta daga wannan na'ura ta mayar waccan ba tare da aikin kowa ya tsaya ba. Kowa ya yi murna. Aka jingine teburi mai taya a lungu, aka kuma kafa doka cewa babu mai shiga ɗakin ƙasa sai da dalilin aiki.

Mai Sanyi kaɗai ne bai yi murna ba.

Ga kuma wanda ya zo girka manhajar, wani dogo mai ƙamshin turare da zaƙin baki, ana ce masa Kwat saboda ba ya rabo da ita. Kullum yana gefen kujerarta yana nuna mata abubuwa. Mai Sanyi ya hango su suna dariya a bakin lif, ya juya ya bi matakala.

Da yamma saƙonta ya shigo:

"Mai fifita, shiru kwana biyu. Lafiya?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Na ga kin samu mai koya miki manyan abubuwa, ban so in dame ki ba."

"Au, kishi ne? Wallahi har ka ba ni dariya. Shi aiki yake koya mini, ya gama ya tafi. Ka share fankokinka, ina nan tafe."

Ta kuwa zo. A tsarin aikinsu, idan za a buɗe na'ura a share cikinta, sai an kwashe sabobin da ke ciki zuwa wata, kuma dole injiniya ya tsaya a wurin har a rufe. Da sabuwar manhajar, kwashewar ba ta wuce danna maɓalli ba. Ta zaɓi na'urar ƙarshen layi, wadda ke kusa da wata 'yar kujera, ta kwashe 'yan hayarta, ta sauko.

"Wannan ai tsaf take," ya ce bayan ya buɗe.

"Ka duba da kyau. Ni na ga alamar ƙura."

Ya duba da kyau, ya daɗe yana dubawa. Mako ya zagayo, ƙurar ta dawo. Wani makon ma haka.

Abin da Injiniya ta manta shi ne, manhajar da ke nuna mata komai, haka take nuna wa kowa. A bangon ofishinsu akwai ƙaton allo, duk lokacin da aka kwashe na'ura sai ta koma ruwan ɗorawa a gaban jama'a, ga sunan wanda ya kwashe a gefe.

Shugabar sashen, wadda suke kira Anti, ta kira su biyun ofishinta. Ta sauke tabarau ta dube su.

"Na'urar ƙarshen layin nan, ina jin ko ɗakin tiyata bai kai ta tsabta ba."

Injiniya ta sunkuyar da kai.

"'Yata, sabobin nan abincin mutane ne a kansu, ba abin wasa ba ne. Daga yau ba ki kwashe komai sai da izinina. Kai kuma, kunya ba ta kai mutum ko'ina. Gidansu yana da ƙofa, ko ba shi da ita?"

"Yana da ita, Anti."

"To ka san inda za ka dosa. Ku tashi ku ba ni wuri."

A bakin matakala ya tsaya yana murza hularsa. "Ni ban yi karatu mai nisa ba, kin sani. Amma tun ranar da kika saka rigata ban ƙara jin sanyin ɗakin nan ba. In kin yarda, zan turo yayana."

"Sai yau ka ga dama?" ta ce, ta haye sama da sauri tana rufe fuska.

Yayan nasa ya je, ya dawo jiki a sanyaye. Mahaifinta ya ce a'a. Kwat ma ya turo nasa mutanen, kuma tsohon na ganin ƙwarya ta bi ƙwarya. Injiniya ta daina hira a gida, abinci ma sai an matsa mata. Mahaifiyarta ce ta samu tsohon a zaure.

"Malam, ka ƙi yaro ba ka ko gan shi ba? Ka kira shi mana. In bai yi maka ba, ni zan lallashe ta."

Aka kira shi. Ya durƙusa ya gaida tsohon.

"Yaro, ba raina sana'arka na yi ba. Na sha wuya kafin yarinyar nan ta kai inda ta kai. Tsorona kada a wayi gari zuciya ta ɗebe ka, ka ce ta ajiye aiki. Ka san aikinta ba ya sallama? Kuna cikin cin abinci waya za ta yi ƙara, ta tashi ta bar ka."

"Sai in rufe mata nata, Baba, kada ya huce."

"In kuma albashinta ya zo ya fi naka?"

"Ai ya riga ya fi, Baba. Tun kafin in ce ina sonta."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. Can sai dariya ta kuɓuce masa, har yana tari. Daga bayan labule aka ji mahaifiyar na cewa, "Na gaya maka."

Ba a ja lokaci ba. Ranar ɗaurin aure ma'aikatan sama da na ƙasa suka cika layin gidan amarya, Anti na cikin gida tana ba da umarni kamar ita ta haifi amarya. Da jama'a suka fara watsewa, wayarsa ta yi motsi a aljihu.

"An ce wai an ɗaura."

"An ɗaura, amaryata."

"Kana ina?"

"Ƙofar gidanku. Yau babu mai tambayata abin da na zo yi."

Bai gama turawa ba tsohon ya fito, ya dafa kafaɗarsa.

"Shigo ciki, ɗana, rana ta yi zafi. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya sa ku tsufa tare."

"Amin, Baba," ya ce, ya cire takalmansa ya bi bayansa.