Rodin Malam Shu'aibu

Ranar da Sharafaddeen ya fara ganin Ummusalma, shi ne ya tare mata hanya, ita da duk mutanen layinsu. Tela ne a unguwar Ali Kazaure da ke Jos, shekara goma yana kan keken ɗinki. Rana ɗaya ya sayar da filin gadonsa ya sayo tsohuwar kiren, motar nan mai dogon hannu da ke ɗaga kaya masu nauyi, wai zai riƙa ba masu gini haya. Don a gani a yaba, ya sa direbansa Okwuchi ya shigo da ita unguwa. Hannun ya saƙale a wayar lantarki, ba gaba ba baya.

Ummusalma ta fito za ta makarantar da take koyarwa, ta tarar da shi yana ta ba da umarni, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Ta kalli motar, ta kalle shi.

"Oga tela, ai da ka fara auna layin."

Jama'a suka kwashe da dariya. Shi kam murmushinta kawai ya gani, ya kuwa tafi da shi gida. Kafin sati biyu ya samo lambarta, ya rubuta mata: "Salmata, na auna layinku kamar yadda kika ce. Abin da nake ji a kanki ne tef ya kasa aunawa. Ki ba ni izini in zo gaisuwa."

Amsarta gajeriya ce: "Ka zo, amma a ƙafa."

Soyayya ta yi ƙarfi, sai dai akwai mahaifinta, Malam Shu'aibu. Iyayensa sun zo Jos tun zamanin haƙar kuza, shi ma ya daɗe yana tuƙa manyan injina a filayen haƙa, har wani inji ya kife da shi ya bar masa ɗingishi. Ba ya fita sai da wani tsohon rodi da yake dogarawa, duk inda ya tsaya kuma sai ya soka shi a ƙasa. Samarin unguwa cewa suke tsufa ne.

Da kawun Sharafaddeen ya je nema masa izini, Malam bai ɓoye komai ba. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ya sayi abin da zai iya kashe mutum goma alhali bai san komai a kansa ba. Ga kuma Nura mai tifa, ɗan amininsa, ya daɗe yana zarya. Malam ya gaya wa Ummusalma ba zai tilasta mata Nura ba, amma tela kam ta cire shi a ranta.

Ana tsakiyar damina aikin farko ya samu. Madam Obiamaka tana gina gidan burodi a bayan unguwar Jos Jarawa, tana so a ɗora mata ƙaton tankin ruwa a kan hasumiyar ƙarfe. Sharafaddeen ya sa a ransa cewa in tankin nan ya hau lafiya, tsoho ba shi da sauran magana.

Ana gobe aikin, da la'asar, saƙonta ya shigo: "Oga tela, ɗazu Nura yake ba Baba labarin aikinka, shi ke kai musu yashi. Baba ya ce wurin tsohon ramin kuza ne aka cike, ruwa kuma ya jiƙa shi. Don Allah kada ka ɗaga komai sai ka gwada ƙasar."

Duk cikin saƙon nan sunan Nura kaɗai idonsa ya gani. Kishi ya rufe shi, ya rubuta abin da bai kamata ba: "Ashe har zama kuke yi da Nura kuna shirya faɗuwata. Na gode."

Ta yi kuka sosai kafin ta iya amsawa. "Ko ba za ka aure ni ba, ina so ka rayu."

Da safe filin ya cika da 'yan kallo. Okwuchi ya miƙe ƙafafun ƙarfe huɗu da motar take tokarewa da su a ƙasa, ya sa musu katako. Gwani ne, amma a tashar jirgin ruwa ya koyi aiki, kan kankare, bai san ƙasar Jos ba. Ma'aikata biyu suka hau hasumiya suna jiran kaya. Nura ya faka tifarsa a gefe ya harɗe hannu.

Tankin ya tashi, ya wuce tsawon mutum, yana lilo a hankali. A lokacin ne Sharafaddeen ya lura katakon ƙafar baya ya karkace, ruwa yana tsattsafowa ta gefensa. Ya yi wa direba magana.

"Oga, ba matsala," in ji Okwuchi. "Mota yana yi haka kullum. Minti biyu mun gama."

Madam tana duba agogo, jama'a sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. In Sharafaddeen ya tsayar da aikin, kafin azahar duk Ali Kazaure ta ji cewa tela ya tsorata, Malam kuma ya samu hujjarsa. Ya ɗaga kai ya kalli mutane biyun da ke sama. Ɗaya yana masa murmushi.

"Sauke shi," ya ce.

"Oga?"

"Na ce ka sauke."

Tankin ya dawo ƙasa sannu a hankali, Madam tana faɗa, wasu suna dariya. Sharafaddeen ya zari rodi cikin kayan gini ya soka kusa da ƙafar motar. Bai sa wani ƙarfi ba, amma rodin ya nutse har kusa da hannunsa. Nan take ma'aikatan suka sauko.

Bai tsaya ba da haƙuri ba, ya tari keke napep sai ƙofar gidan Malam Shu'aibu. Ya durƙusa, wandonsa duk taɓo, ya ajiye rodin a gaban tsohon.

"Baba, ban san aikin nan ba. Mota kawai na saya. Ka taimaka ka zo ka nuna min inda zan tsaya."

Malam ya daɗe yana kallon taɓon da ke jikin rodin. Can ya ce wanda ya tsayar da shi a wurin da inji ya kife da shi, shi ma bai san ƙasar ba, amma kunya ta hana shi faɗa. Ya miƙe ya ɗauki nasa rodin.

A filin ya riƙa tafiya yana ɗingishi yana sokawa, Sharafaddeen na biye da shi kamar ɗan makaranta, har ƙarfen ya yi ƙara a kan dutse. Nan aka gyara wa motar tsayuwa. Kafin la'asar tanki ya zauna daram, Nura kuwa ba wanda ya ga tafiyarsa.

Ummusalma ce ta fi tankin wuya. Kwana uku yana aika saƙo ba amsa. A na huɗu ya rubuta: "Salmata, kin ceci mutum biyu da ni na uku, ni kuma na saka miki da zargi. Na ji kunya. Ki yafe min."

"Na yafe, oga tela. Na ji tsoro ne ƙwarai. Baba ya ce ka turo manyanka."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Malam ya sa musu albarka, ya roƙi Allah ya tsayar da gidansu a kan ƙasa mai ƙarfi, sannan a gaban jama'a ya miƙa wa surukinsa rodin nan, ya ce shi sanda za ta ishe shi. Abokan ango suka dage sai an je ɗaukar amarya da kiren, har sun fara ɗaura mata balan-balan. Sai wayar ango ta yi ƙara, saƙon amarya ne.

"Na ji shirinku. Layinmu bai ƙara faɗi ba."

A ƙafa suka je. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari.