Takwarar Nasamu

Da kaka Mudi ya fara ganin Sa'adiya. Shi ɗan Funtua ne, yana bin gonaki da injin sussukar masara, ranar kuma aiki ya kai shi bayan garin Gozaki. Yana ƙoƙarin kafa injin a gindin wata tsamiya sai ya ji muryar mace a bayansa.

"Malam, matsar da shi can. Ba a zubar da totuwa a nan."

Ya juya. Doguwa ce, riƙe da kwanon furar ma'aikata, ba ta ko murmushi.

"Saboda me, Malama?"

"Nan mai gonar take sallah. Ta rasu tun ba a haifi babana ba. Sunanta Nasamu."

Ya matsar da injin. Aikin yini ɗaya ne, amma sai da ya yi kwana uku yana zuwa, wai bel ɗin injin ya tsinke. Ƙarya ce. Abin da ya wanke shi, kafin wata ya ƙare ya tura kawunsa neman izinin zance wajen mahaifinta, ba kamar samarin yanzu masu fara neman aure ta waya ba.

Ita malamar firamare ce, don haka yake ce mata Malamata, ita kuma tana ce masa Mai Inji. Wata la'asar a zaure ta ce, "Akwai maganar da gara ka ji daga bakina. Nasamu kakar babana ce. Baiwa ce. Tana yarinya aka kamo ta, aka sayar da ita a rinji, ƙauyen bayi, tana tsinkar auduga. Sunanta na gaskiya ya ɓata, wanda ya saye ta ne ya sa mata wannan. Da ta sami 'yanci ta sare dajin nan da hannunta. Yau mu fiye da arba'in muke ci daga gonarta, amma babu wanda ya taɓa yi mata takwara, don kada a ce bayi ne mu. In Allah ya ba ni 'ya mace, sunanta zan sa."

Mudi ya ce, "Allah ya nuna mana." Bai san nauyin abin da ya amsa ba.

Akwai wani dillalin taki, Muhammad Sani, da ya nemi Sa'adiya ta ƙi shi. Da ya ji iyayen Mudi sun fara binciken asali, shi ya kwashi zancen har Funtua. Namijin da ya rasa mace ya koma tsegumi bai cancanci a ƙara ambatonsa ba.

Alhaji Abubakar, mahaifin Mudi, ya kira shi, Mudi ya faɗa masa komai har da alkawarin sunan. Alhaji ya ce, "Asalin zan iya kau da kai. Amma a tara jama'a a ƙofar gidana a raɗa wa jikata sunan bayi? Ko ta janye, ko ka janye."

Mudi ya rikice, ya tura mata saƙo: "Malamata, na samo mafita. Mu sa sunan a takarda, mu sakaya shi, a riƙa kiranta Maijidda. Ba wanda zai sani."

Amsa ta zo: "Shekara sittin muna ɓoye ta, kai ma ka zo ka taya mu? Ban ce dole ka aure ni ba, Mudi."

Ba ta ce Mai Inji ba. Kwana tara ba ta ɗauki wayarsa ba.

Rana ta goma ya shiga ɗakin kakarsa Hajjo, mahaifiyar Alhaji, ya zube a tabarma.

"Mijin nawa ya rame," in ji ta. "Wace mara tausayi ce ta ƙwace min kai kuma ta hana ka tuwo?"

"Ke dai tsohuwa, bar ni. 'Yar Gozaki ce, jinin wata baiwa wai ita Nasamu."

Carbin hannunta ya tsaya. "Maimaita sunan."

Ya maimaita, ya ba ta labari duka. Ta ce, "Tashi ka kira min wancan."

Alhaji ɗan fari ne. Tun da ta haife shi Hajjo ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ba, balle zancen haihuwarsa. Da ya shigo ya durƙusa, sai ta juya fuska bango, ta yi magana da jikanta.

"Gaya wa wancan, ba a Funtua aka haife shi ba. Da cikinsa ya tsufa gida aka mai da ni, Gozaki, kamar kowace mai haihuwar fari. Kwana biyu ina naƙuda, ya zo a gicciye, har an fara kuka. Aka ɗauko wata tsohuwar ungozoma a kan jaki, idonta ma ba ya gani sosai. Ita ta juya shi. Ya fito ba numfashi, ta hura masa baki har ya yi kuka. Ita ta yanke masa cibiya."

Daga nan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta juyo ta dube shi.

"Abubakar. Sunan da kake ƙyama, mai shi ce ta fara ɗaukar ka a duniya."

Dattijo mai furfura ya sunkuyar da kai, hawaye na sauka a gemunsa. Kunya abu ce mai kyau, amma wadda ta binne alherin mutum shekara sittin ta wuce iyaka, Hajjo kuma ta gane haka.

Mudi bai tsaya tura labari ba. Saƙonsa ga Sa'adiya gajere ne: "Na yi kuskure. Ba za a sakaya ba. Gobe Alhaji da kansa zai zo."

Ta amsa: "Allah ya kawo ku lafiya, Mai Inji. Ka duba bel ɗin motar."

Alhaji ya zo, ya roƙi a kai shi gindin tsamiyar, ya yi addu'a mai tsawo. Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura aure, motoci tun daga Funtua har Gozaki, Hajjo a gaba tana cewa ta yafe wa amarya mijin.

Shekara ta zagayo Sa'adiya ta haifi mace. Safiyar suna ƙofar gidan Alhaji ta cika. Liman ya ji sunan, ya ce a hankali, "Alhaji, haka za a faɗa?"

"Haka. In muryarka ba ta kai ba, ni zan faɗa."

Alhaji ya miƙe tsaye, ya ce, "Jama'a, sunan yarinya Nasamu. Takwarar matar da ta cece ni ce. Baiwa ce aka sayar, ta mutu da gonarta da mutuncinta. Abin kunyar na wanda ya saya ne."

Aka shafa fatiha, guɗa ta tashi daga cikin gida. Sa'adiya ta rungume jaririyar, ta kira sunan a kunnenta da ƙarfi, ba raɗa ba.

Allah ya raya Nasamu, ya jiƙan mai sunan, ya bar iyayenta tare.