Shatin Igiya a Hannun Inna

Hannun rigar tsohuwar kawai Sista, ma'aikaciyar jinya a asibitin, ta naɗe don ta auna jini, sai ta ga abin da ba ta zata ba.

Shati ne zagaye da tsintsiyar hannun, wani ya yi baƙi, wani ɗanye. Ta duba ɗaya hannun, shi ma haka.

Kuma ba kowa ba ce a gadon illa Inna, mahaifiyar Auta, wanda saura wata ɗaya a ɗaura musu aure shi da Sista.

"A banɗaki ta faɗi," in ji Yaya, babbar 'yar Inna, mai kula da ita tun da ciwon mantuwa ya kama ta. "Rubuta haka, ƙanwata."

Shekara shida Sista tana aikin jinya, ba ta taɓa ganin banɗakin da ke zagaye hannu biyu da ciwo ba. Ta roƙi Yaya ta jira a waje, ta ja labule.

"Inna, me ya sami hannun?"

"Igiya ce... don kar in fita in ɓata. Amma yayarsa tana kwance ni kafin autana ya dawo aiki. Kar ki gaya masa, 'yar nan, saurin kuka gare shi."

Sista ta ɗauko ma'auni ta auna faɗin kowane shati, ta yi alama a zanen jikin mutum da ke cikin fayil. Ta rubuta rana da lokaci, da maganar Inna yadda ta fito, ba ragi ba ƙari. Ta sa hannu, ta kai wa likita.

A baranda Yaya ta tare ta, ido jajir.

"Kin san sau nawa na tsinto ta a bakin titi? Ni kaɗai, ba mai karɓata! Ki yaga takardar nan, ko ki manta da ƙanena!"

Da azahar sai ga Auta.

"Zuciyata... Yaya ce fa. Ita ta goya ni. An ce jami'ar walwala za ta zo gidanmu, kamar wasu masu laifi!"

"Abin da idona ya gani na rubuta."

"To me kika gani?"

"Ba ni da ikon faɗa maka."

"Ni ɗin?"

"Ko kai, rabin raina."

Ya juya ya tafi. Kwana uku ko gaisuwa babu. Sista ta yi kuka a ɗakin magani har ta gode Allah, don son Auta take kamar ranta, amma fayil ɗin ko taɓa shi ba ta yi ba.

Rana ta huɗu da safe Sista tana wanke ciwon, sai aka ɗaga labule. Inna na ganin Auta ta fizge hannu, ta hau jan riga.

"Rufe, rufe! Auta ya dawo, kar ya gani!"

Ai kuwa ya gani. Ya tsaya kamar an dasa shi. Shi da kansa ya sayo rigunan nan masu dogon hannu, da aka ce masa sanyi take ji.

Ya durƙusa gaban gadon, ya naɗe rigar a hankali, hawaye na zuba.

"Wata nawa ina shigowa in gaishe ki in wuce, Inna? Na bar wa Yaya ke, ita kaɗai..."

Ya ɗago ya dubi Sista.

"Ki yafe min, masoyiyata. In jami'ar ta zo, da ni za ta fara."

Sista ta gyaɗa kai.

Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta shafa kansa.

"Na ce kar a gaya maka, ga shi nan kana kuka. Yarinyar nan tana da hannu mai sanyi, Auta. Ka aure ta mana."

"Saura kwana ashirin da shida, Inna."

Ya riƙe hannun a buɗe, Sista ta ci gaba da wankewa.