Karta da 'Yan Aji Biyu

A birnin Safakis akwai wata yarinya 'yar aji shida mai taurin kai. In ta ce e, ko duniya za ta taru, e ɗin ce.

Kakanta, Baba Sidi, shi ya koya mata shkubba, wasan karta na mutum biyu a kan biyu. Duk Asabar da la'asar yana bugawa da abokansa uku a gindin lemon tsakar gida. Da abokin wasansa ya koma wurin ɗansa da zama, kujera ɗaya ta zama ba kowa. Baba Sidi ya yi wa yarinyar alkawari: in an ba da hutu, kujerar tata ce. Ba abin da take so a duniya kamar wannan kujera.

Sai ta fara zuwa makaranta da karta a jaka. A lokacin tara akwai wuraren wasa biyu. Hela da Nizar, 'yan ajinsu, suna ƙarƙashin bene, kuma gwanaye ne. Da ta gwada su, ta sha kashi. Sauran kuwa 'yan aji biyu ne da ke zama kusa da famfo, ko lissafi bai zauna musu ba.

Ta ga banza ta faɗi. Ta koma wurin famfo, ta kafa doka: wanda aka ci, ya ba da abincin tararsa. Kullum jakarta cike da burodi da makrud, wani irin cincin mai dabino a ciki. Har tafiyarta ta canza don taƙama.

Wata rana wani ƙaramin yaro, Anis, ya kifa kai a aji yana kukan yunwa. Malama Rafika ta bi sawun magana, ta kira yarinyar.

"Malama, ban ƙwace ba," in ji ta, ido cikin ido. "Wasa muka yi, na ci."

"To me ya hana ki cin Hela?"

Ta murguɗa baki. Malama ta ce wannan caca ce, kuma cin zali ne. Ta karɓe kartar, ta aika a gaya wa gida.

Mahaifiyarta ta yi faɗa har muryarta ta dushe, amma yarinya ko a jikinta. Baba Sidi kuwa ya kira ta. Ya ɗauko tasa kartar, ya ce ta zauna su buga su biyu. Ya ci ta, ya sake cin ta. Ana tsakiyar wasa ya tsaya.

"'Yar nan, katunan bakwai nawa suka fita?"

Ta kasa tunawa. Ai a shkubba, riƙe katunan da suka wuce a kai shi ne wasan. Da can ta iya. A wurin famfo kuwa ba ta taɓa buƙatar hakan ba, sai kanta ya yi tsatsa.

Baba Sidi ya tattara karta. Ya ce zai ba maƙwabci kujerar, don shi ba ya haɗa hannu da mai farautar 'yan tsaki.

"Kujerar tawa ce! Kai ka ce!"

"Na ba mai wasa ne. Ita kuwa na neme ta yau, ban gan ta ba."

Wannan magana ta yi mata zafi fiye da duk faɗan da aka yi. Ta yi kuka, ta share hawaye, ta ce wallahi ba maƙwabcin da zai zauna mata a kujera.

Washegari ta raba wa 'yan aji biyu abincinta, ta ba Anis haƙuri. Bayan an tashi, ta bi Hela gida, inda suke buga karta da Nizar. Nizar na ganinta ya kwashe da dariya.

"A'a, sarauniyar famfo! Yau 'yan tsakin sun ƙare ne?"

"Raba karta, ka bar surutu," in ji ta.

Suka buga, ba abincin kowa a ciki. Suka ci ta ranar, suka ci ta washegari. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Amma ba ta fasa zuwa ba. Tana shan kashi tana lura, har kanta ya dawo daidai. Kafin hutu, Nizar ya daina dariya.

Asabar ɗin farko ta hutu, tsofaffi suka hallara. Kafin maƙwabci ya gama gaisuwa, yarinya ta ja kujera ta zauna daram. Baba Sidi ya dube ta ta saman tabarau. Labarin duk ya riga ya zo masa daga kakar Hela. Maƙwabci ya yi murmushi, ya koma gefe.

Wasa ya yi zafi. Tsofaffi biyun da ke ɗaya ɓangaren suka yi gumi kafin su ci ita da kakanta da ƙyar. Al'adarsu, wanda aka ci shi ke dafa shayi, don haka ta tashi ta ɗora buta. Da ta miƙa wa Baba Sidi kofi, sai ya kurɓa ya ce, "Asabar mai zuwa ki zo da wuri, abokiyar wasa. Sai mun rama."

Daɗi ya cika ta. Ranar ta gane cewa cin wanda bai kai ka ba ba gwaninta ba ne, zalunci ne, kuma yana dakushe mutum. Mai son ya iya, sai ya zauna da waɗanda suka fi shi.