Zoben da Ke Cikin Kwano

"Cire zoben nan kafin ki shiga wurin ɗana!"

Wiebke ta ɗago jajayen idanunta ta dubi mahaifiyar Torben, wadda ta tare ƙofar ɗakin asibitin.

"Mama, don Allah..."

"Kar ki ƙara ce min Mama! Silke ta faɗa min komai. Wai ke mai miji, kin ƙi cirewa!"

Kai, Silke, abokiyar aikinsu! Da ma ta daɗe tana son Torben, ga shi ta samu abin faɗa.

Kowa a ɗakin gwajin kimiyyarsu na garin Jena ya san dokar. Akwai kwano a bakin ƙofa, nan ake zuba zobe da agogo, don leza, hasken nan mai ƙuna da suke aiki da shi, in ya daki abu mai ƙyalli ba ya tambayar inda zai nufa. Amma a bakin kwanon nan Torben ya durƙusa da safe, ya zura mata zoben alkawarin aure da hannunsa.

"Yau kaɗai, masoyiyata, bar shi. Ina so in riƙa ganinsa."

Tana juya gilashin tace haske, shi kuma ya ɗage tabarau ɗinsa na kariya zai karanta awon zangon hasken. Hannunta ya gifta, hasken ya daki zoben ya faɗa idonsa. Shi ke nan! Likita ya ce idon dama ya tafi.

"Ku bar ta ta shigo," muryar Torben ta fito daga ciki.

Ta shiga.

"Zagayo ta hagu in gan ki, abar ƙaunata. Laifina ne, na gaya musu. Aurenmu yana nan, kin ji?"

Wani sanyi ya ratsa zuciyarta. Ta miƙa hannu za ta shafa fuskarsa, sai ranar da ke shigowa ta taga ta haska zoben.

Torben ya kurma ihu, ya kare fuskarsa da hannu biyu, ya manne da bango.

"Ba ke ba ce... wallahi ba ke ba ce, Wiebke..."

Ta sani. Amma ta ga yadda ya ci gaba da satar kallon hannunta, ko bayan ta ɓoye shi a aljihu. Haka za su zauna har tsufa?

Washegari ta je ɗakin gwajin, ta saka zoben a kwano. Da yamma kowa ya ɗauki nasa ya tafi gida, ita kuwa tana cikin jirgin ƙasan da zai raba ta da garin, tana kuka.

Har yau mai shara yana ɗaga zoben ya goge kwanon, ya mayar.