Ƙofar da Ba Ta da Mariƙi

Ku matso, ku rage murya. Wannan abin da Jazuli mai walda ya faru, ƙanen mijin Inna Laraba, lokacin yana aiki a wata tashar jiragen ruwa a ƙasar waje.

An jawo wani tsohon jirgin yaƙi za a yanka, irin mai nutsewa ƙarƙashin teku yana farautar jiragen abokan gaba. Dogo, baƙi, ba taga ko ɗaya. Cikinsa ɗaki-ɗaki ne, kowanne da ƙofar ƙarfe, don in ruwa ya fasa ɗaya a datse shi, sauran su tsira.

Ma'aikata suka ƙi shiga ɗakin gaba, ma'ajiyar makamai. Oga ya nuna Jazuli, don ya san baƙo ne, ba mai tsaya masa. Ya kutsa ta wata kafa da aka huda a gefe, yana huci.

Yana kunna wuta ya ji sanyi a ƙeya. Wani mutum na zaune kan bututu, cikin kakin sojan ruwa. Wurin a bushe yake, amma ƙafafunsa na ɗigar ruwa, fatar ta yi fari ta yamutse.

"Bawan Allah, an hana shiga nan," in ji Jazuli.

Bakin mutumin ya motsa. Sai daga baya muryar ta iso, kamar daga cikin randa.

"Fita aka hana. Haska ƙofar."

Jazuli ya haska. Ba mariƙi ta ciki. Ƙarfen duk ya lotsa da duka.

"Ruwa ya fasa, aka datse mu. Mun buga har hannuwanmu suka tsage, abokan aikinmu suna jin mu," in ji mutumin. "Wanda ya zana ƙofar a kan katifarsa ya mutu. Jirgin kuwa fenti aka shafa masa, aka mayar da shi teku."

"Ga kafa nan, ku fita mana."

"Ta ƙofa aka rufe mu."

Tsoron Jazuli ya koma baƙin ciki. Ya bar inda oga ya sa masa alama, ya ɗora wuta kan ƙofar, yana cizon leɓe, har ta faɗi.

Iska mai warin teku ta ratsa shi. Takun jiƙaƙƙun ƙafafu, ba na mutum ɗaya ba. Na ƙarshen ya tsaya dab da kunnensa.

"Tafi. Kada ka waiwaya."

Ya fito ya jefa wa oga safar hannunsa a ƙirji, bai sake komawa ba. Kunnen nan har yau gishiri yake fitarwa, kuma ba ya ji da shi.

Don haka in kun girma kun je bakin teku, kada ku shiga cikin tsohon jirgi ku kaɗai, ko wa ya aike ku.